Makaveli: Tarihin Faifan da Ya Fito Bayan An Kashe Mai Shi

Duk wanda ya san Jimeta, da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton wani baƙar fata mai askin ƙwal-kwabo, wanda ya ɗaure kai da ƙyalle ƙullin yana goshi ba, ko dai a shagon aski, ko a bayan keke napep, ko a jikin rigar gwanjo. Tupac Shakur ke nan. Yawancin masu liƙa hoton nan ba a haife su ba lokacin da aka kashe shi, ni ma ina cikinsu. Yau ina so in kawo wa mai karatu tarihin faifansa guda ɗaya, wanda ya shiga kasuwa ranar 5 ga Nuwamba 1996, kwana 53 bayan mutuwarsa, da sunan Makaveli. Cikakken sunan faifan shi ne The Don Killuminati: The 7 Day Theory. Ni ɗan ɗan kasuwa ne, saboda haka tambayar da ta fi damuna a labarin ita ce: idan mai haja ya mutu ya bar haja a rumfa, wa ke sayarwa, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga?

Asalin gambarar 'yan daba

Abin da Amurkawa ke kira gangsta rap, mu sai mu ce gambarar 'yan daba. Ta taso ne a tsakiyar shekarun 1980, da mawaƙa irin su Schoolly D na birnin Philadelphia da Ice-T na Los Angeles, sannan ƙungiyar N.W.A ta unguwar Compton ta daga ta sama da faifanta Straight Outta Compton. A wancan lokaci unguwannin baƙar fata na Los Angeles suna cikin wani hali: masana'antu sun rufe, aiki ya yi ƙaranci, wani nau'in hodar iblis mai arha ya cika tituna, ga kuma manyan dabobi guda biyu, Crips masu shuɗin ƙyalle da Bloods masu ja, suna kashe juna a kan iyakar unguwa da cinikin ƙwaya. 'Yan sanda kuwa ba su bambanta ɗan daba da ɗan makaranta, muddin fatarsa baƙa ce. A 1992, da kotu ta wanke 'yan sandan da aka ɗauka a bidiyo suna dukan wani mai suna Rodney King, birnin ya kama da wuta, mutum sama da 50 suka mutu.

To daga cikin wannan hayaƙi waƙar ta fito. Masu yin ta suna cewa su 'yan rahoto ne, abin da suka gani a ƙofar gida suke faɗa. Masu sukarta suna cewa ai ba rahoto kaɗai ba ne, har da kirari da zuga. Idan mai karatu ya natsu zai ga wannan gardama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri waƙa, Ɗan Anace ya wasa 'yan dambe irin su Shago, Gambo kuwa ɓarayi ya yi wa tasa, kuma har yau ana muhawara ko ya tona asirinsu ne ko ya ƙara musu ƙarfin gwiwa. Bambancin shi ne na Amurka akwai manyan kamfanoni a bayansa, da miliyoyin daloli, da bindiga a hannun kowa.

Wane ne Tupac

An haife shi ranar 16 ga Yuni 1971 a New York. Mahaifiyarsa Afeni Shakur 'yar ƙungiyar Black Panther ce, masu fafutukar 'yancin baƙar fata. Da cikinsa ta yi zaman kurkuku, ta kare kanta da kanta a gaban kotu, aka wanke ta wata ɗaya kafin ta haihu. Ta sa masa sunan Tupac Amaru na biyu, wanda ya jagoranci bore a kan Turawan Sifaniya a ƙasar Peru a 1780. Yaron ya yi karatun wasan kwaikwayo da adabi a wata makarantar fasaha a Baltimore, kafin talauci ya kora su Kalifoniya a 1988, inda uwar ta faɗa shan ƙwaya na wani lokaci. Ka ga ke nan shi ba a daba ya taso ba. Ɗan gidan gwagwarmaya ne mai son karatu, kuma faifansa na farko a 1991 ya fi karkata ga zaluncin 'yan sanda da halin da matan unguwa ke ciki.

Amma suna ya zo masa da rigima. Ranar 30 ga Nuwamba 1994 aka harbe shi sau biyar a ƙofar wani ɗakin ɗaukar waƙa a New York, aka kwashe masa gwala-gwalai. Washegari kotu ta same shi da laifin cin zarafin wata mata ta hanyar lalata, kuma a Fabrairun 1995 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi. Masoyansa ba sa son a ambaci wannan, amma tarihi ne, kuma akwai matar da abin ya shafa. Yana kurkuku faifansa Me Against the World ya fito ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Yana kurkukun ne kuma ya sa a ransa cewa tsohon abokinsa Biggie Smalls da mutanen kamfanin Bad Boy na New York sun san da harin da aka kai masa suka yi shiru. Su dai sun musanta.

Belin da ya zama jingina

A watan Oktoba 1995 Suge Knight, shugaban kamfanin Death Row na Los Angeles, ya tsaya aka ajiye dala miliyan 1.4 aka ba da belin Tupac kafin a saurari ƙarar da ya ɗaukaka. Sharaɗin shi ne zai yi wa kamfanin faifai uku. Suge mutum ne mai alaƙa da 'yan Bloods, kuma an san shi da tafiyar da kasuwanci da tsoratarwa. Mahaifina, wanda ya shekara da shekaru a babbar kasuwar Jimeta, yakan ja mana kunne cewa bashin da ya fi haɗari shi ne wanda ka karɓa lokacin da ba ka da bakin yin ciniki. Mutumin da ke cikin kurkuku ba ya taya farashi. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Tupac ya fito ya shiga aiki ba dare ba rana. A ranar 13 ga Fabrairu 1996 ya saki All Eyez on Me, tagwayen faifai, wanda aka lissafa a matsayin biyu cikin ukun da ake bin sa. A watan Yuni ya saki waƙar Hit 'Em Up, inda ya zagi Biggie da mutanensa zagin ƙare dangi. Jaridu da mujallu suka yi ta hura wutar abin da suka kira yaƙin gabas da yamma, domin rigimar tana sayar musu da takarda kamar yadda take sayar wa kamfanonin da faifai. Saura faifai ɗaya ya cika alkawari.

Kwana bakwai

A watan Agusta 1996, a ɗakin ɗaukar waƙa na Can-Am da ke Los Angeles, ya haɗa wannan faifai na ukun. Kwana uku aka yi ana rubutawa ana rerawa, kwana huɗu ana tace sauti, shi ya sa aka sa kwana bakwai a sunan. Bai nemi manyan masu haɗa kiɗa na kamfanin ba, sai ya jawo waɗanda ba a cika damuwa da su ba, irin su Hurt-M-Badd da Darryl Harper, tare da QDIII ɗan Quincy Jones. Waƙoƙi 12 ne a ciki.

Sunan Makaveli ya samo shi ne daga Niccolo Machiavelli, wani ma'aikacin gwamnati kuma marubuci na birnin Florence a Italiya, wanda ya rayu daga 1469 zuwa 1527. Tupac ya karanta shi a kurkuku. Littafinsa The Prince yana koya wa mai mulki yadda zai riƙe mulki ko da yaudara ko da tsoro. Wani abin mamaki shi ne shi ma wannan littafi ba a buga shi ba sai 1532, shekara biyar bayan mutuwar marubucinsa. Kalmar Killuminati kuwa haɗi ne na kashewa da Illuminati. Ya bayyana cewa a kurkuku ya gaji da jin fursunoni suna ɗora duk matsalarsu a kan wata ƙungiyar asiri, shi ne ya ce zai kashe wannan zance. Sai ga shi yau a majalisun Jimeta ana kawo sunan faifan a matsayin hujjar cewa shi ɗan ƙungiyar ne, ko kuma su suka kashe shi.

Yaransa da suka yi waƙa a faifan ana kiransu Outlawz, kuma ya raɗa musu sunayen mutanen da Amurka ta tsana: Kadafi saboda Gaddafi na Libiya, Hussein Fatal saboda Saddam na Iraƙi, Kastro saboda shugaban Kyuba, E.D.I. Mean saboda Idi Amin na Yuganda, da Napoleon.

Daren Las Vegas

Ranar 7 ga Satumba 1996 ya je Las Vegas kallon damben Mike Tyson da Bruce Seldon a otal ɗin MGM Grand. Bayan an tashi, shi da mutanen Death Row suka rufe wani ɗan Crips mai suna Orlando Anderson da duka a harabar otal ɗin, kyamarar tsaro tana ɗauka. Da misalin ƙarfe sha ɗaya da kwata na dare, Suge yana tuƙa baƙar BMW Tupac yana gefensa, danja ta tsayar da su. Wata farar Cadillac ta tsaya ta damansu, aka buɗe wuta. Harsashi huɗu ya same shi. Ya yi kwana shida a asibiti, ya cika ranar Juma'a 13 ga Satumba, yana da shekara 25.

Da farko an tsara faifan zai fito ne a watan Maris 1997. Da mai shi ya mutu, kamfanin ya jawo ranar baya zuwa Nuwamba. Duk ɗan kasuwa ya san dalili: ana sayar da laima ne lokacin da ruwa ke zuba. A makon farko aka sayi kwafi 664,000, ya hau matsayi na ɗaya, kuma zuwa 1999 an tabbatar da cinikin miliyan huɗu a Amurka kaɗai. Kwana biyar da fitowarsa aka harbe Kadafi a New Jersey, yana da shekara 19, shi da yake cikin motar da ke bin bayan Tupac a daren. Abin da ya ci Doma kuma bai bar Awai ba: ranar 9 ga Maris 1997 aka harbe Biggie a cikin mota a Los Angeles yana da shekara 24, kwana 16 bayan haka nasa faifan ya fito, mai suna Life After Death, wato rayuwa bayan mutuwa. Shi ma tun yana raye aka sa sunan.

Abin da ke cikin faifan

A bangon faifan an zana Tupac a kan gicciye, aikin wani mai zane da ake kira Riskie, da ɗan rubutu a ƙasa cewa ba a yi don raina Yesu Almasihu ba. Maƙwabtanmu Kirista a nan Demsawo ba za su ji daɗin hoton ba, mu ma Musulmi haka, kuma a Amurkar ma an yi ƙorafi.

Waƙoƙin suna nuna mutum biyu a jiki ɗaya. A Bomb First da Against All Odds yana kiran abokan gaba da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. A Me and My Girlfriend budurwar da yake yabo bindigarsa ce. Amma a White Man'z World yana magana da mata baƙar fata cikin neman afuwa da girmamawa, a To Live and Die in L.A. yana yabon garin da ya karɓe shi, Hail Mary kuwa muryar mutum ce da ke jin mutuwa tana bin sa.

Ga wani abu da ya kamata a lura da shi. Cikin waɗanda ya zaga har da mawaƙi Nas. Nas da wasu da suka halarta sun ba da labarin cewa kwana uku kafin harbin, su biyun sun haɗu a New York sun sasanta, har ana maganar cire zagin. Faifan ya fito da zagin a ciki. Magana zarar bunu ce, mai rai yana iya neman gafara, amma wanda aka ɗauki muryarsa ya mutu, zai ci gaba da zagin mutumin da ya riga ya yafe wa duk lokacin da aka kunna.

Daga nan jita-jita ta samu gindin zama. An ƙona gawarsa ba tare da jama'a sun gani ba. Aka ce Machiavelli ya ba da shawarar mutum ya yi mutuwar ƙarya don ya yaudari maƙiya, alhali babu wannan a The Prince. Aka shiga lissafin bakwai: an harbe shi ran 7, shekarunsa 2 da 5 bakwai ne, ya cika ƙarfe 4:03. Aka ce yana Kyuba, inda Assata Shakur ta danginsu ta samu mafaka tun 1984. Babu wanda wannan jita-jita ta yi wa rana kamar masu sayar da faifai.

Wa ya ci riba

Tupac ya mutu bai bar wasiyya ba. Da mahaifiyarsa ta bincika, sai ta tarar mutumin da ya sayar da miliyoyin faifai ba shi da gida ko ɗaya da sunansa, kuma kamfanin yana cewa ma shi ke bin sa dala miliyan 4.9, kuɗin motoci da haya da otal da lauyoyi da aka riƙa rubutawa a littafin bashinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Afeni ta je kotu, ta karɓo waƙoƙinsa da ba a saki ba, ta kafa kamfanin Amaru a 1997. Daga nan aka yi ta fitar da sababbin faifai: R U Still Down a 1997, Still I Rise a 1999, Until the End of Time a 2001, Better Dayz a 2002, Loyal to the Game a 2004, Pac's Life a 2006. Faifan da ya fitar yana matacce sun fi waɗanda ya fitar yana raye yawa. Sai dai a yawancinsu an canza kiɗan, an haɗa shi da mawaƙan da bai taɓa gani ba. Shi ya sa na Makaveli ya bambanta: shi ne na ƙarshe da ya tsara da hannunsa.

Sauran 'yan wasan fa? An kashe Orlando Anderson a 1998 a wata rigimar daban. Death Row ya karye a 2006, aka yi gwanjonsa dala miliyan 18 a 2009, Snoop Dogg ya sayi sunan a 2022. Afeni ta rasu a 2016. A 2018 aka ɗaure Suge Knight shekara 28 saboda take wani mutum da mota har lahira. Sai a ranar 29 ga Satumba 2023, bayan shekara 27, aka kama kawun Orlando, Duane Davis, aka tuhume shi da hannu a kisan. Napoleon kuwa ya bar waƙa, ya rungumi addinin Musulunci da gaske, ya koma Saudiyya da zama.

Yadda abin ya shafe mu

Yayyenmu sun san Tupac ta kaset da faifan CD na satar fasaha da ake kawowa daga Legas da Onica, mu kuma muka same shi a wurin masu tura waƙa a waya. Ko sisi daga cinikin nan bai je hannun magadansa ba. Kuma da yake Turancin unguwannin Amurka ba kowa ke kama shi ba, abin da ya fi isowa gare mu shi ne hoton: ƙyallen, zanen jiki, yatsun da ke nuna yamma. A Saliyo abin ya wuce ado. 'Yan tawayen da suka afka wa Freetown a Janairun 1999 an ga da yawansu sanye da riguna masu hotonsa, wata ƙungiyar masu bindiga a can ma West Side Boys ake kiranta.

A nan Jimeta da Yola mun ga zamanin 'yan Shila, yara masu ƙwacen waya da wuƙa, waɗanda gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta sa wa ƙahon zuƙa bayan hawanta a 2019. Ba zan ce waƙa ce ta haife su ba. Yaron da ba ya makaranta, ba ya sana'a, ga ƙwaya a arha, ko bai taɓa jin Turanci ba zai sami hanyar lalacewa, kuma abin da ya haifi Crips ke nan tun kafin a yi gambarar. Abin da nake cewa shi ne duk yaron da ke sha'awar wannan rayuwa ya kamata a ba shi lissafin gaba ɗaya: 25, 24, 19, da bashin miliyan 4.9.

Darasi na biyu na masu fasaharmu ne. Mamman Shata ya rasu a Yunin 1999, har gobe ana sayar da muryarsa. Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu 2007, Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014, finafinansu suka ci gaba da yawo. Dagrin, mai gambara da Yarbanci, ya rasu a Afrilun 2010, waƙarsa If I Die ta bazu bayansa. Lil Ameer na Kano hatsari ya ɗauke shi a Satumbar 2017 yana da shekara 14. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ce waƙar da mutum ya tsara tana da kariya har shekara 70 bayan mutuwarsa, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Amma doka ba ta aiki sai da takarda. Afeni ta yi nasara ne domin akwai yarjejeniya a rubuce da za a kai gaban alƙali a yi gardama a kanta. A wurinmu sau da yawa da baki ake ƙulla komai, idan mai waƙa ya faɗi, marayu ba su san ma wa za su tambaya ba.

Saboda haka ɗan'uwa mai shiga situdiyo a Jimeta ko Kano, kafin ka rera baiti ɗaya ka tambaya: sautin na wa ne, kashi nawa ne naka, idan ka mutu wa zai karɓa? A rubuta, a sa shaidu, ka ajiye kwafi a gida. Kuma ka auna abin da kake faɗa, domin zai daɗe a duniya fiye da kai.

Allah ya sa mu gama lafiya. Sai mun sake haɗuwa.

Daga Demsawo, Jimeta.